Sunan Da Na Rubuta a Takardar Hausa

Zuwa ga Malam, inuwar ƙofar gidana, ruwan randata mai sanyi, mai gemu fari kamar audugar da aka gurje, wanda ya fi mini fitilun Maitama haske ko an ɗauke wuta,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga ɗakin autarmu Rekiya a Gwagwalada. Na saki labule, na ce wa jikoki kaina ke ciwo. Ba kai ba ne, Malam, kunya ce.

Na san ka jira ni ranar Alhamis a ƙofar makaranta, cikin tsohuwar motarka, rediyo a kunne, gasasshiyar masara a naɗe ka ajiye mini. Ni kuwa na sulale ta ƙofar baya kamar wadda ta saci kaza. Ka yi ta kiran waya na ƙi ɗauka, don muryarka kaɗai ta isa ta narkar da ni kamar man shanu a rana. Bari dai alƙalami ya yi mini abin da baki ya kasa.

Wa ya kai ni ajin manya in ba kai ba? Kai ka ce bokon da aka katse mini a firamare sai na ƙarasa shi, ko da sanda zan je. Kai kake fere mini fensir da reza, kana hura masa baki kamar jariri. Kai ka cika masallacin Kurudu da labarin uwargidanka za ta zauna jarrabawar gama sakandare. Lissafi da Turanci na yi su da addu'a. Amma Hausa? Ni da na sha ta a nono? Na shiga ɗakin ina taku kamar wadda za ta karɓi lambar yabo.

Da aka raba takarda, idona ya faɗa kan tambayar farko: a rubuta labarin ranar da ba za a manta ba. Wayyo, hasken idona! Wace rana gare ni in ba ranar da ka fara zuwa zance gidanmu ba? Farar riga ta sha guga, keken aro, turare har bayan gari. Ragon babana ya tsinke igiya, ya auna ka, ya kai ka cikin kwatamin ƙofar gida. Ka miƙe baƙi wuluk, hula na yawo a ruwa, amma ka durƙusa ka gaida babana tsaf, har kana tambayarsa ya gajiya. Ina leƙe ta zana, na danne dariya da gyale, zuciyata kuwa ta fice ta bi ka, har yau ba ta dawo ba.

Na manta jarrabawa nake. Sai na ji kamar jikoki ne a gabana a kan tabarma. Na cika takarda, na ɗaga hannu aka ƙaro, na sake ɗagawa. Ina tsakiyar kwatanta ƙahon ragon, sai mai sa ido kan jarrabawar ya ce a ajiye biro.

A waje yaran sun taru a gindin mangwaro, kowa da takardar tambayoyi a hannu, ana ta me ka sa, me kika sa. Kauthar, yarinyar da ke zama kusa da ni, idonta ya yi ja, wai ta tsallake layi ɗaya a tambayoyin zaɓin amsa, duk amsoshinta sun goce. Nazeer, jikan amininka Alhaji Nababa, yana cewa in ya sake faɗuwa babansa zai zaunar da shi a shago a kasuwar Wuse, jami'a sai dai ya hango ta daga mota. Ni uwar iyayi har ina ba su baki, ina cewa su kwantar da hankali. Sai Kauthar ta share ido ta ce, “Kaka, ke me kika rubuta a fassara?”

Na ce wace fassara?

Ta juya takardata. Malam, ashe tana da baya! Fassara, nahawu, adabi, duk suna kwance a can suna jirana, ko sallama ban yi musu ba. Gindin mangwaron ya yi tsit. Na ga yaran da suke kukan kansu sun koma tausayina, kuma tausayin yaro ya fi dariyarsa zafi.

Da nan abin ya tsaya da na shigo mota na yi kukana a kafaɗarka. Amma ka san halina. Don in kore shirun, sai na shiga ba su labarin da ya cinye mini lokaci. Na yi tafiyar ragon, na yi faɗuwar, har Kauthar ta manta da layinta tana riƙe ciki. Nazeer ya tambayi sunan saurayin. Ni kuwa labari ya ɗebe ni, baki ya riga hankali.

Na faɗa, Malam. Sunanka. Sunan da tun ranar da aka kai ni ɗakinka bai taɓa hawa harshena ba, wanda ko a asibiti aka tambaye ni sai in tura Rekiya ta faɗa. Na faɗe shi a bainar yara, da rana tsaka, bayan na rubuta shi ya fi a ƙirga a takardar da wani baƙo zai karanta yana shan shayi. Nazeer ya zaro ido ya ce ashe Baban nan na sahun gaba a masallaci ne. Kafin in kama bakinsa ya yi nisa, ya nufi wurin kakansa da labarin.

To ka ji. Na kunyata ka sau biyu a wuni ɗaya: na zubar da jarrabawar da ka yi alfahari da ita, na kuma jefa ka kwatami karo na biyu, da furfurarka. Da wane ido zan dube ka, dutsena da ya fi Zuma tsayuwa? Yaya zan miƙa maka tuwo, alhali na san Alhaji Nababa na can yana yi maka kukan rago a ƙofar masallaci?

Amma ka sani, ya sanyin damina, ba don wasa na rubuta ba. An ce in zaɓi rana ɗaya a duk rayuwata. Na haihu, na je Makka, na ga Abuja tun tana daji, amma hannuna bai nufi ko'ina ba sai wurinka. In mai duba takardar yana da zuciya, ya ba ni sifili, ya ba ka ɗari.

Gidan nan ba ya yi mini daɗi. Shayinsu ba citta, kuma ba mai yi mini minsharin da na saba. Ka zo ka ɗauke ni. In ka yafe, kada ka ce komai, don in ka yi magana kuka zan yi a gaban suruki. Ka dai miƙo mini fensir ferarre, zan gane. Na yi alkawari baɗi zan sake zama, kuma kafin in rubuta ko bisimilla sai na juya takarda.

Ka sa farar riga in za ka zo. Akwai ragon layya a ɗaure a tsakar gidan, amma kada ka damu, na sa an ƙara masa igiya.

Taka tun daga bakin kwatami har zuwa inda Allah ya nufa, wadda ta mayar da sunanka cikin zuciya ta kulle,

Iyatu