Dutsen Kagoro a Cikin Tarago

Litinin, 5 ga Agusta, 1991

Ruwa tun safe. Ba a ganin Dutsen Kagoro sam, gajimare ya sauko ya zauna masa a ka. Kawu Meshak ya tafi aiki. Ni ina nan, digirina na labarin ƙasa yana cikin akwati, babu wanda ya neme shi tukuna. Na sauko da kwalin kofunan takarda da suka rage daga bikin godiyata a coci, don in duba ko ɓera ya shiga. Bai shiga ba. Farare ne, da zanen ganye kore a baki. Ba kore sosai ba, mai haske.

Laraba, 7 ga Agusta

Maƙwabciyarmu Mama Ginika ta shigo. Mijinta, Mista Ifediora, ya yi ritaya daga reluwe, farkon watan gobe za su koma Enugu gaba ɗaya. Autarsu Ginikachi, da muke kira Ginika, 'yar shekara takwas, ta ce ba inda za ta. A kwatas ɗin ma'aikatan reluwe na nan Kafanchan aka haife ta, Hausarta ta fi Ibonta.

"Bernice, ke kin yi makaranta, ki yi masa magana. Wannan yarinya ba ya cin abinci. Ya ce Enugu ba garinsa ba ne."

Na ce to. Ta fita. Me na sani game da yara?

Alhamis, 8 ga Agusta

Ginika ta zo da ƙawarta Safara'u, 'yar Bafulatanar da ke kawo mana nono. In ana ruwa uwar takan bar ta a kwatas ta wuce kasuwa. Sun zauna suna kallona, ina kallonsu. Sai na jawo kwalin kofunan.

Mun yi jirgin ƙasa. A kwantar da kofi a gefensa, a yanke masa taga da reza (ni na riƙe rezar), a soka tsinken tsintsiya ta ƙasa, a sa marafan kwalba su zama ƙafafu. Dole a huda marfin da ƙusa daidai tsakiya, in ba haka ba taragon zai riƙa ɗingishi. Zare ya haɗa su. Kan jirgin muka shafa wa gawayi, Safara'u ta liƙa masa auduga ta ce hayaƙi ne. Na gaya mata jiragen yanzu da dizal suke tafiya. Ta ce nata na dā ne.

Ruwa yana ta kiɗa a kan kwano, ɗakin duhu-duhu, ƙamshin gawayi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗan manta da kaina.

Asabar, 10 ga Agusta

Dabarata ke nan: in ta san hanyar, tsoro zai ragu. Na kife kofuna a ƙasa daga ƙofar falo zuwa ƙarƙashin tebur, na rubuta wa kowanne suna. Kafanchan, Gudi, Lafiya, Makurɗi, Otukpo, Enugu. Akwai ƙananan tashoshi a tsakani, na duba taswira, amma falon ba zai ɗauka ba. Ɗankwalina shuɗi ya zama kogin Binuwai, rula ta zama gada.

Ginika ta ja jirgin har Otukpo ta tsaya. Wai mai ya ƙare.

Talata, 13 ga Agusta

Yau ma a Otukpo ya lalace.

Juma'a, 16 ga Agusta

Mama Ginika ta kira ni ta katanga, tana wanki. Ta ce in gaya wa yarinyar za su dawo Kirsimeti. "Ni ba ya yarda da ni. Ke ce ya ce ba ki yin ƙarya." Na tambaya ko za su dawo ɗin. Ta ci gaba da matse riga. Sun sayar da gado, sun sayar da keken ɗinki, gidan kuma an riga an ba wani.

Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa in yarinyar ta tambaya. I. Na gwada faɗinta a gaban madubi, ta fito kamar ta aro.

Litinin, 19 ga Agusta

Ginika ta tambaya. Muna manna wa tashar Lafiya rufi da koko, ba ta ko ɗago kai ba. "Anti, za mu dawo Kirsimeti?"

Na ce jirgi yana dawowa, hanyar guda ce, zuwa da komowa. Ta ce ba jirgi ta tambaya ba. Sai na ce, "Ba na jin za ku dawo, Ginika."

Ta tashi a hankali, ta taka kofin Enugu da ƙafa har ya baje, ta fita cikin ruwa. Safara'u ta dube ni irin kallon da uwarta ke yi wa wanda ya taya nono da araha.

Laraba, 21 ga Agusta

Ginika ba ta zo ba. Na gaida Mama Ginika a bakin famfo, ta amsa wa bokitinta.

Lahadi, 25 ga Agusta

Ban ji wa'azi ba. Ina ta kallon taga, hazon ruwa yana tashi daga dutsen kamar ana girki a samansa. Bayan coci barci ya ɗauke ni a kujera. Na ga kaina a cikin taragon takarda, hasken rana yana ratsa bangon, ganyen nan kore yana zagaya mu. Ina ta neman sunan tashar da muka tsaya, allon fari fat. Abin mamaki, ban damu ba.

Kawu ya ce gaskiya ba ta da laifi, amma akan ba ta ruwa ta sha kafin a tura ta aike. Ban gane ba sosai.

Talata, 27 ga Agusta

Ta dawo! Ta rame. Ba gaisuwa, sai ta zube kayan da ke cikin siket ɗinta a kan tabarma: dutse, ganyen mangwaro, guntun alli, gashin kaza.

"Tunda ba za mu dawo ba, za a kwashe garin."

Dutsen shi ne Dutsen Kagoro. Na fara bayanin cewa dutse irin wannan, faɗinsa kaɗai... Ta ce, "Anti, takarda ne fa." Na faɗaɗa ƙofar taragon da reza.

Ganyen shi ne mangwaron bayan gidansu. Allin makarantarsu. Ruwan Matsirga, mai zubowa daga kan dutse, ya ba mu wahala, don kofi a kwance ba ya riƙe ruwa. Sai muka tsayar da ɗaya a kan kwalin ashana. Safara'u ta kawo wake fari ta ce shanun babanta ne, amma aro ta bayar. Da Ginika ta ɗauko tsinke ta ce wannan Safara'u ce, sai Safara'u ta fizge. "Ni ba kaya ba ce. Wa zai riƙe wa Inna ƙwarya?" Suka yi faɗa, suka shirya, aka bar ta a tashar Kafanchan tana ɗaga hannu.

Ni ba a tambaye ni ba. Na ga dai an jefa wani dogon tsinke a tarago na ƙarshe.

Jirgin ya wuce Otukpo. Na ba su dafaffiyar masara, Ginika ta cinye tata har da rabin tawa.

Litinin, 2 ga Satumba

Sun tafi. Jirgin takardar yana cikin kwalin takalmi a cinyar Ginika. Ta yi kuka, amma da ƙafarta ta hau jirgi. Mama Ginika ta riƙe hannuna ta taga ta ce, "Ke mugun yarinya ne," tana dariya tana share ido.

Talata, 3 ga Satumba

Safara'u ta zo ita kaɗai. Ta zauna a bakin ƙofa, yayyafi yana taɓa mata yatsun ƙafa. Can ta ce, "Anti, yanzu suna ina?"

Ban sani ba. Ba yadda za a yi in sani. Amma sai na ji bakina yana cewa sun tsaya a wata tasha da ake kira Gindin Lemo, inda rassan ke shigowa ta taga, fasinja ya tsinka ba sai ya sauka ba. Na ce Ginika ta tsinki biyu, ta ɓoye ɗaya.

"Na wa?"

"Ke ma kin sani."

Ta yi murmushi, ta tambaya ko akwai shanu a garin. Na ce akwai, jajaye.

Babu tasha mai wannan suna. Ina jin babu. Ban dai duba ba.