Finjalin da Rakan Ya Ajiye a Ƙasa

Madaba, 20 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Awwad, Abu Ziyad, a Toronto.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da sanyin ƙasarku ke tayarwa. Mu nan sai godiya. Zaitun ya yi kyau bana, mun gama matsar mai. 'Yar'uwarmu Wadha ta tashi daga jinya, har ta koma faɗa da surukanta, ka ga lafiya ta samu.

Dalilin rubutuna shi ne jikanka Rakan ɗan Ziyad, wanda ka ba ni amanarsa domin ya karanci Larabci a jami'a a Amman. Wata uku ke nan yana gidana. Matata Ummu Nayif ta gyara masa ɗakin sama, tambayarsa ta farko kuwa ita ce ko ruwan gidanmu na shayuwa. Game da karatu ba ni da labarin da zan ba ka, domin har yau idan aka gaishe shi sai ya washe haƙora. Yawo dai ya iya. Ya je tsohon birnin Batra sau biyu, ya hau raƙumi da rawani a karkace kamar mai ciwon haƙori. Ya shafe fuskarsa da taɓon Tekun Luɗu ya aiko da hoto, Ummu Nayif ta ce jakin da ya yi birgima ya fi shi kyan gani. Babu kangon da Rumawa suka bari da bai ziyarta ba, amma kabarin mahaifinmu, da ke nan bayan gari, bai taka ba. Da na yi masa magana ya ce wai asalinsa yake nema. Na ce masa ga asalin nan zaune a gabansa yana shan shayi.

Duk wannan na haɗiye. Sai Hajji Falah, Abu Talal, abokinka na ƙuruciya, ya gayyace mu ƙauyensu na kusa da Karak, ya yanka rago don girmama jikan Awwad. Zaure ya cika da dattawa. Aka zuba gahawa, aka miƙa wa Rakan finjali, sai ya hango tsohon turmin dakan gahawa a kusurwa. Nan take ya dire finjalin a ƙasa bai kurɓa ba, ya zaro waya zai ɗauki hoto. Ko shekara arba'in a ƙasar ƙanƙara ba ta mantar da kai ba cewa baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma mai gida ba ya da sukuni sai ya biya ta. Abu Talal ya kira shi ɗana, ya ce ya sha gahawarsa, duk abin da ya zo nema ya samu. Wani malamin makaranta ya fassara masa. Jikanka ya ɗauka irin wasan da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido ne, ya yi dariya, ya nuna turmin, ya ce zai yi kyau a ɗakinsa.

Turmin nan na kakan Abu Talal ne, da amonsa ake kiran maƙwabta tun kafin a haife mu. Fuskar mutumin ba ta canja ba. Ya umarci ɗansa Talal ya naɗe shi a bargo ya kai mota. Wani tsoho da ke gefena ya raɗa mini cewa ashe can ƙasar Turawa har kwasar ganima ake koyarwa, saura mu ɓoye tabarmi. Ban san da wane baki na ci mansaf ɗin ranar ba, shinkafar nan da naman rago. A hanya na fahimtar da Rakan abin da ya aikata, ya ce ai da ba kyauta ba ce da ba a ba shi ba. Yanzu turmin yana ɗakin sama, laimarsa ce a ciki.

Ran Juma'a na ɗauki turmin muka koma Karak da ɗana Nayif. Abu Talal bai yarda ko a sauke shi daga mota ba. Ya tambaye ni ko so nake mutanen Karak su ce Falah ya tofar da yawu ya dawo ya lashe. Gaskiyarsa, magana zarar bunu ce. Amma ni ma ba zan bar zauren mutumin kirki babu turmi saboda jinin gidanmu ba. Washegari na kai masa turmin mahaifinmu, wanda ya bar maka wasiyya, nake ajiye maka tun ranar da ka tafi. Ya karɓa bayan dogon ja, ya daka sau uku, ya ce muryarsa ta san gidan mutunci. Ban nemi izininka ba, Abu Ziyad, domin kai ma ba ka nemi nawa ba da ka bar yaro ya girma bai san yadda ake riƙe finjali ba. Abin gadonka yana Karak. Idan ka yi marmarinsa, Abu Talal na daka gahawa kowace safiya, zai kuma karɓe ka hannu bibbiyu.

Rakan zai zauna a gidana har ya gama, domin amana ce. Ka gaishe mini da Ummu Ziyad, da Ziyad da matarsa, da ƙaramar jikarka Lujain. Ummu Nayif da Wadha da Nayif suna gaishe ku. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Yayanka,
Mifleh, Abu Nayif.