Ranar da Na Ɓuya a Ɗakin Wanki

Umma,

Gaisuwa mai yawa daga Amman. Ya jikin Baba? Ya su ɗan'uwana Rif'at da yara? Ni lafiya lau, ciwon bayan nan ma da sauƙi, kada ki sa shi a ranki.

Albishirinki! Ranar Talata masu duba gidajen tsofaffi suka zo wurin aikinmu. Kin san ba ni da takardar shaidar wannan aiki, sai na shige ɗakin wanki na laɓe bayan zannuwan gado, ina jiran a ce in tattara kayana. Hajja Ummu Fawwaz, tsohuwar da nake yi wa wanka, tana kan kekenta na marasa lafiya a bakin ƙofa. Sai ta ɗaga murya: "Fito, 'yar Masar, ga ƙafafunki nan a waje!"

Na fito. Ashe sunayenmu suka zo rubutawa! Za a koyar da mu wata uku tare da ma'aikatan jinya, a ba mu katin aiki. Shugabar masu dubawar ta ga ina dafe ƙugu, ta ce doka ta hana mutum ɗaya ya ɗaga tsoho, sai biyu. Shekara biyu ni kaɗai nake yi, Umma.

In kin sami mai zuwa, ki aiko min da busasshen lalo. Allah ya bar mana ku.

Kuma daga yau kada ki sake ɗaga Baba ke kaɗai. Ki kira matar Rif'at ta kama miki. In ta yi gunaguni, ki ce doka ce, ni na faɗa.

'Yarki,
Intisar