Rokokina Ba Su Taɓa Tashi Ba

Hajiya Turai, salamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake neman taimako ba halina ba ne.

Ni mutumin Damagaram ne. Karatuna bai wuce aji uku na kwaleji ba, kuma ba na jin kunyar faɗi. Na zo Faransa da jaka ɗaya, na koyi fentin mota da kallo, yau ga ni da garejina a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ba wanda ya ɗora ni. Iyalina suna gida, sai shekara-shekara.

Tun da na ga an harba roka a tele na shiga haɗa ƙanana, na kwali da katako marar nauyi. Haɗawa kowa ya iya, gamawa ita ce aiki. Pistole biyu gare ni na fesawa: babba na shimfiɗar farko, da ƙarami mai bakin allura na zane. In goge, in fesa fari, in bari ya sha iska, in sake gogewa, sannan launi kaɗan-kaɗan. Jan da nake fitarwa, kya ga fuskarki a ciki.

Na shiga wata ƙungiyar Turawa a Lyon masu harba irinsu ran Lahadi a bayan gari. Sun karɓe ni hannu bibbiyu. Amma Hajiya, fentinsu abin tausayi, duk ƙuraje kamar ɓawon lemu, ni kuwa ba na ganin ɓarna in yi shiru. Kullum sai sun tambayi yaushe zan harba tawa. Wuta ta babbake gindinta, ta faɗo kan dutse, aikin wata guda ya tafi? Nakan kawo su a akwati, in nuna, in mayar. Yanzu gaisuwa kawai ke tsakaninmu. In an tashi su tafi shan kafe, ni in ɗauki akwatina.

Ga aminina Alhaji Hassoumi, mai kantin yadi a unguwar Barbès ta Paris, ya ce in sayar da gareji in koma can mu haɗa hannu. Can akwai 'yan gida. Nan sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba. Amma ɗakin da ya samo mini a Stains, gefen Paris, a bene yake, maƙwabta ba za su ɗauki ƙarar injin iska da warin fenti ba. Alhaji ya ce wai girma ya zo, in bar wasan yara. Maganar ta yi mini zafi. Yana jiran amsa kafin azumi. In sayar da kayan in tafi, ko in zauna?

Mai Fenti, Saint-Fons

Malam Mai Fenti, wa alaikumus salam.

Aikin hannunka ba wasan yara ba ne, nan Alhaji ya kuskure. Amma ya ga kaɗaici na cin ka, kuma wanda ya nemo maka ɗaki tun ba ka roƙa ba, abin riƙewa ne.

Sai dai ban ga laifin Lyon a wasiƙarka ba. Mutanen nan sun taru ne su harba roka, ta faɗo, su yi dariya, su bi ta da gudu cikin ciyawa. Kai kana zuwa da abin da ba a taɓawa, kana duba aibun nasu. Wa zai ja ka shan kafe? In ka kai wannan hali Barbès, kantin Alhaji ma za ka samu abin gyarawa, ku ɓata.

Kada ka sayar da komai tukuna. Lahadi mai zuwa ka ɗauki wadda ka fi so, ka roƙi ɗayansu ya nuna maka yadda ake ɗora ta a sandar harbi, tunda nan sun fi ka sani. In ta ƙuje, ai gyara sana'arka ce. Wanda ya yi sha'awar jan fentinka kuma, ka kira shi gareji, ka miƙa masa pistole, in ya kuskure ka haɗiye gyaran farko da na biyu.

Ka nemi Alhaji ya ɗaga maka ƙafa zuwa bayan salla, ka je ka yi sallar a wurinsa. In ka gwada duka kaɗaicin bai sassauta ba, ka tafi Paris da zuciya ɗaya, ka nemi lungun wani gareji ka ajiye injinka.

Allah ya haɗa ka da abokan zama nagari, ya sa ta tashi lafiya.