Kunnen Malama Teng

2 ga Maris, 2004

Yayata Shulan,

Ina gaishe ki gaisuwar kewa, ke da maigida da jikokin nan naki masu ƙiriniya. Yaya gwiwar? Ina fata shafa maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a taga kina kallo ba. Busasshen kifi da barkonon da kika aiko sun iso. Gishirin ya yi yawa, amma na cinye.

Na san kina fushi saboda waya. Sau uku kika kira ofishin malamai aka ce miki ina aji. Layin garin nan ne ya lalace, muryarki sai ka ce daga cikin randa take fitowa. Bari in riƙa rubuto miki kawai.

Saura kwana casa'in da bakwai a yi jarrabawar shiga jami'a, kullum da safe sai an sauya lambar a saman allo da jan alli. Yara sittin da biyu ne a hannuna, kuma su ne na ƙarshe, tunda bana zan ajiye aiki. Ke da ba ki taɓa zama ajin Turanci ba, ga yadda abin yake. Maki talatin na saurare ne. A kunna kaset, mutum biyu su yi magana, yaro ya zaɓi amsa da fensir. Tambayoyi biyar na farko sau ɗaya tak ake kunnawa, wanda ya yi tari ya yi asara.

Kin san abin da ya fi kayar da yaranmu? Mu a harshenmu, in a baki ne, namiji da mace kalma ɗaya muke kiransu da ita, sai a rubuce ake rabewa. Turawa kuwa namiji "he", mace "she". Ɗan huci ne kawai a farkon kalma, amma shi ke nuna wa ya tafi, wa ya zauna. Shekara talatin da ɗaya ina cusa wannan huci a kunnen 'ya'yan manoma, har a bayan idona Malama Kunne suke ce mini. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin sunan.

Jiya na yi wa wata yarinya tatas. Kuang Yuling sunanta, 'yar mai fiton nan na bakin kogi. Ita ce ta ɗaya a saurare, jami'ar harsuna take hari. A tambaya ta uku ana so a san wa zai je tasha ɗauko baƙo, miji ko mata. Na ce miji. Sai ga hannu a sama.

"Malama, 'she' aka ce."

"'He' aka ce. Zauna."

"Da kunnena na ji, Malama."

"Wane kunnen? Wanda injin kwale-kwalen ubanki ya cika da ƙara? Yaushe ma aka yaye ki?"

Aji ya ɗauki dariya. Na sake kunnawa sau biyu, na ce duk wanda ya ji abin da ta ji ya ɗaga hannu. Ko mutum ɗaya. Na bar ta a tsaye har aka buga ƙararrawa. Yaro in ba a lanƙwasa shi ba, ranar jarrabawa ya karye, ko ba haka ba?

A gaida maigida. Ki rage gishiri.

Ƙanwarki,
Shufen

29 ga Maris, 2004

Yayata Shulan,

Takardarki ta zo, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Ki gaida kowa. Kin rubuta cewa ke ce kika goya ni, don haka in daina yi miki ƙaryar layin waya. To, na daina.

Kunnena ne, Yaya. Shekara biyu ke nan. Irin na Mama ne sak. Da farko kukan tsuntsaye ne ya ɗauke, sai ƙarar butar shayi in ta tafasa. Manyan sautuka ina jinsu, siraran ne suka gudu. Ɗan hucin nan da na gaya miki, wanda na gina sunana a kansa, shi ne farkon abin da ya bar ni. Yanzu "he" da "she" duk ɗaya nake jinsu, daidai da yaron da ya shigo aji ɗaya daga ƙauye.

Yadda nake rufa wa kaina asiri shi ne, kowane kaset yana zuwa da littafin da aka rubuta maganganun cikinsa. Sai in haddace tsaf kafin in shiga aji, in tsaya kusa da rikoda ina gyaɗa kai kamar mai ji. Ba wanda ya taɓa ganewa.

Kwana uku bayan abin da na yi wa Yuling, Malam Gong, wanda ke koyar da ajin da ke kusa da nawa, ya tare ni a matakala da kofin shayinsa.

"Malama Teng, kin ga shirmen masu buga littafin nan? Tambaya ta uku, kaset ya ce 'she', su sun buga 'he'. Ai na ce Malama Kunne tun kafin kaset ya gama juyawa ta kama su."

Na ce, "Na gani mana."

Yaya, ƙarya na yi masa. Ashe yarinyar ce da gaskiya. Kuma ashe a cikin yara sittin da ɗayan nan akwai waɗanda suka ji abin da ta ji, tsorona ya danne musu hannu.

Za ki ce in je in faɗa. Na sani. Kullum da maganar nake shiga aji, in fito da abata. In na ce littafi ne ya yi kuskure, dole a tambaya, to ke da aka kunna miki sau uku, ina kunnenki? Shi ke nan, shugaban makaranta ya karɓe ajin, a ce tsohuwa ta yi shekara biyu tana koyar da abin da ba ta ji. Saura mini wata biyu da 'yan kwanaki in fita da mutuncina. Na ce wa kaina yarinya ce, za ta manta.

Ba ta manta ba. Ta daina ɗaga hannu. Takardunta kuwa duk shatin gogewa. Ina ɗaga su a hasken taga in ga amsar farko a ƙasa, daidai, ta goge ta sa wata. Da tana cin ashirin da takwas cikin talatin. Gwajin makon jiya sha tara ta ci.

Kada ki gaya wa maigida. Kunya nake ji.

Ƙanwarki,
Shufen

17 ga Mayu, 2004

Yayata Shulan,

Ina fata kuna lafiya, ruwan saman nan bai tayar miki da ciwon ba. Takardunki biyu suna nan ban amsa ba, don na san abin da kike so in ce na yi, ni kuma ban yi ba sai shekaranjiya.

Ranar Juma'a mahaifin Yuling ya zo ofis. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalman roba jiƙe, ya ƙi shigowa kada ya ɓata daɓe, riƙe da kifi biyu a igiya. Murya gare shi irin ta masu kira daga wannan gaɓa zuwa waccan, don haka ban rasa kalma ɗaya ba. Ina ma na rasa.

"Malama, a yi haƙuri da mu. Yarinyar nan ta ce kunnenta ya lalace. Na ajiye fito na kai ta asibitin birni, likita ya leƙa ya ce garau take. Na ce to iskanci ne. Ni ban yi karatu ba, Malama, ke ce uwarta a nan. In duka ne ki daka, ƙashin dai ki bar mini."

Ya miƙo mini kifin da hannu biyu. Na karɓa, Yaya! Har godiya na yi. Mai lafiyar kunne aka kai asibiti, kurmar tana zaune tana karɓar kifi. Ban taɓa tsanar kaina irin ranar ba.

Da safen Asabar na ɗauki tsohon kaset ɗin na shiga aji. Na juya shi zuwa tambaya ta uku, na kunna, na kashe.

"Wa ya ji 'she'?"

Suna kallona suna neman amsa a fuskata, yadda na koya musu ba da sanina ba.

"Ba tarko ba ne. Ni ban san abin da ya ce ba. Ba na ji. Shekara biyu ke nan littafi nake haddacewa, littafin kuma ya yi kuskure. Wa ya ji 'she'?"

Hannuwa suka fara tashi ɗaya-ɗaya, har kusan arba'in. Na Yuling yana kan tebur. Na taka har gabanta na rusuna mata a gaban kowa.

"Kuang Yuling, ke ce da gaskiya. Kunnenki ya fi nawa ko a lokacin da nawa yake da lafiya. Na zalunce ki, na kuma zagi sana'ar mahaifinki. Abin da kika fara ji, shi za ki rubuta. Kada ki ƙara gogewa."

Ta ce wani abu, kanta a ƙasa. Ban ji ba, ban kuma da fuskar cewa ta maimaita.

Daga nan ofishin Shugaba Lei na wuce. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Haba Malama Teng, saura kwana ashirin da uku! Da kin yi shiru ai da mun yi miki walimar ban kwana lafiya lau." Ya ba Malam Gong darasin saurare, ya bar mini na karatu. A ofis yanzu kowa ɗaga murya yake in zai yi mini magana, har da masu tambayata ko na ci abinci. Yana da ciwo, amma bai kai yadda na zata ba. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi, abin da na yi wata biyu da rabi ina gudu ke nan.

Gwajin farko da Malam Gong zai yi musu jibi ne. Ki taya ni fatan alheri ga yarinyar nan.

Ƙanwarki,
Shufen

1 ga Yuli, 2004

Yayata Shulan,

Gaisuwa gare ki da duk mutanen gida. Na yarda, zan zo ki kai ni wurin likitan kunnen da kika ambata. Ki gyara mini ɗakin baya. Amma bari in gama miki labarin, don ba na so in faɗe shi da baki.

A hannun Malam Gong Yuling ta farfaɗo. Ashirin da uku, ashirin da biyar, ashirin da shida. Na fara samun barci.

Ranar jarrabawar Turanci na tsaya a bakin ƙofar makaranta cikin iyaye, rana tana dukanmu. An tare hanya, an hana motoci busa, masu gini sun ajiye guduma. Da lasifika ta fara, wata uwa har toshe bakin jaririnta ta yi da nono. Gari guda ya yi tsit don yara su ji. Ni kuwa gunaguni kawai nake ji daga bayan katanga.

Da aka buɗe ƙofa Yuling ta zo har inda nake. Ta tsaya daidai gabana, ta buɗe baki sosai tana magana a hankali don in karanta leɓenta. Ban san wa ya koya mata ba.

"Biyu na goge, Malama. Na san kin ce kada in goge. Hannuna ne ya riga ni."

Da aka raba takardar amsoshi muka duba tare. Duka biyun amsarta ta farko ce daidai. Maki uku ke nan, ɗaya da rabi kowace. Sakamako ya fito makon jiya, maki biyu ya raba ta da jami'ar harsuna. Ta ce za ta maimaita shekara. Shekara guda ta ƙuruciyarta, Yaya, ta sake komawa ƙarƙashin jan allin nan.

Jiya na sauka bakin kogi na sami mahaifinta yana ɗaure kwale-kwale. Ta riga ta gaya masa komai. Ya goge mini benci da hannun rigarsa, ya zuba mini shayi a murfin gorarsa. Na faɗi abin da na zo faɗa, ban rage ba. Ya saurara yana kallon ruwa. Da na gama sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da muryar nan tasa ta masu fito ba.

Ban ji ba. Na so in gyaɗa kai in yi murmushi yadda na saba. Sai na daure, karo na farko a shekara biyu na ce wa mutum, "Baban Yuling, ban ji ba. Ka sake faɗa."

Ya juyo ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, gara ma a ce akwai. Ya ɗaga murya har matan da ke wanki a gaɓa suka waiwayo.

"Cewa na yi, Malama, da tun watan Maris kika faɗa."

Na ji shi sarai. Na shanye shayin na mayar masa da murfinsa.

Jirgin ƙasa na ranar Lahadi zan hau. Kada ki aiko kowa tasha, na san hanya.

Ƙanwarki,
Shufen