Katin Da Ya Fi Ƙarfin Rediyona

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin da kuke gina madatsar ruwa. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na ruwa, ya dawo da kowa ga iyalinsa lafiya. Mu a nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, amma ba ta hana ni zuwa shago ba. Gwaggonka ta warke daga tarin nan, har ta koma faɗa da maƙwabta, ka ga kuwa lafiya ta samu.

Ka riga ka ji a waya cewa ƙanwarka Auta ta sauka, an samu mace, amma abin da ka ji a waya ba komai ba ne. Yau kwananta goma sha biyu a duniya, ni kuwa kwana goma sha biyu ke nan ban yi aikin kirki ba. Shekara bakwai muna jiran yarinyar nan. Ranar da aka miƙo mini ita sai da na goge hannuwana a riga sau uku, don kar ƙurar katako ta taɓa ta. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta yamutsa fuska, ta koma barcinta, wato dai tsohon bai yi mata ba. Na yi dariya har da hawaye. Kwana uku shagona a rufe, mai kujerun makaranta ya zo ya yi ta buga ƙofa, na aika masa cewa kafinta ya zama kaka, ya je ya zaunar da ɗalibansa a tabarma.

To amma ba don wannan kaɗai na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi. Na ƙi faɗa maka a waya ne saboda na san kaina, in na fara zan faɗi abin da uba ba ya faɗa wa ɗansa, ga kuma sabis ɗinku da ke yanke magana a tsakiya. A takarda kuwa dole in tafi a hankali, tunda rubutun nawa na makarantar yamma ne, ba ya gudu.

Ka aiko mini da katin memori, na gani, Allah ya yi albarka. An rubuta ɗari biyu da hamsin da shida a jikinsa. Ka kira mijin Auta ka ce masa ya ɗauki ɗan rediyona mai cin kati, ya cire tsohon katin mai giga takwas, ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a sabon, sannan ya wanke tsohon ya cika shi da bidiyon jaririya a ba direbanku ya kai maka, tunda bidiyo ba ya shiga waya a inda kake. Ka kuma ce kar a faɗa mini, a yi mini ba-zata. To an yi mini. Ina shago ina yi wa jikata gadon jarirai, shi kuma yana ɗakina da kwamfutarsa a kan gwiwa, yana aikin da ka sa shi.

Akwai abin da ba ku sani ba, daga kai har Auta. Rediyon nan yana da jan maɓalli a gefe, in an danna yana ɗaukar magana. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi bayan ta sha magani, mahaifiyarku ta ce in danna mata shi in fita. Na danna, amma ban fita ba, na tsaya a bakin ƙofa. Minti goma sha ɗaya ta yi tana magana da ɗan da Auta ba ta ko ɗauki cikinsa ba tukuna. Ta ce in ajiye, kar in kunna wa kowa sai ranar da yaron ya zo. Bayan wannan akwai wasu guntaye da na riƙa ɗauka ba ta sani ba: tana yi mini faɗa a kan na shigo mata da ƙurar katako ɗaki, tana dariya da gwaggonka, tana kiran sunanka daga kicin. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, kuma babu ranar da na rufe shago ban kunna ɗaya daga ciki ba, sai a 'yan kwanakin nan da jaririya ta ɗauke mini hankali.

Ranar da Auta ta samu ƙarfin zama, na yi wanka, na sa rigata mai kyau, na ɗauki rediyo na nufi ɗakinta. Na ce kowa ya zauna, akwai saƙo. Mijinta yana ta murmushi, shi a zatonsa sabon katin zan yi godiya a kai. Na kunna. Fitilar ta kama, ta yi ƙyaftawa, shiru. Na kashe na sake kunnawa, na cire batir na mayar, na hura ramin katin, shiru. Sai a nan ya ce ai an saka mini babban kati ne, kyautar Injiniya, wanda zai ɗauki waƙa dubu nawa. Na tambaye shi ina tsohon. Ya ce ya wanke shi tun shekaranjiya. Ɗana, ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin siminti.

Na ɗauki rediyo da katin na tafi wajen Dogo mai gyaran waya, wanda ke ƙarƙashin bene kusa da mai walda. Ya saka katin ya cire, ya ce rediyon ba zai taɓa karanta shi ba, ya fi ƙarfinsa. Ya ce irin waɗannan ƙananan na'urori kowacce da iyakarta, kuma manyan katuna tsarin cikinsu daban ne, rediyon bai san yarensu ba. Ya juya rediyon ya nuna mini bayansa. Na sa tabarau na karanta da kaina, ƙanana-ƙananan lambobi a ƙarƙashin murfin batir: talatin da biyu. Nan ne iyakarsa. A rubuce yake, Injiniya! Ni da na fara riƙe fensir ina da shekara arba'in da shida, a kan bencin yara, gwiwoyina suna dukan tebur, na iya karanta shi. Kai da aka kai jami'a ba ka ko tambaya ba. Ka ga lamba mai girma a kanti ka ce wannan ya dace da Baba.

Shekara hamsin ina aikin katako, ban taɓa yanka ƙofa ban je na auna bakin ɗakin ba. In wani ya ce mini ya san awon a ka, sai in ce masa kansa ba tef ba ne, in ɗauki tef ɗina in bi shi. Ƙofar da ta fi ɗaki girma ba kyauta ba ce, wahala ce, sai a jingine ta a bango ana kallo. Ku can haka kuke gina madatsar, kuna zuba abin da ya fi girma ba ku auna ba? In haka ne ka faɗa mini in gargaɗi mutanen da ke zaune a gangare.

Wannan duk da sauƙi, don Dogo ya ce in dai muryar tana cikin babban katin, sai a juye ta a wani ƙarami, magana ta ƙare. Ya ma so ya wanke babban ya canza masa tsari ko rediyon zai yarda, na riƙe masa hannu na ce wankin ya isa haka, a fara dubawa. Ya saka a kwamfuta. Ga karatu, ga wa'azi, ga tsofaffin waƙoƙin da nake ji ina aiki, duk suna nan. Muryar mahaifiyarku babu. Muka bi ɗaya bayan ɗaya har la'asar, yana dannawa ina saurare. Ya ce rediyon yana ajiye abin da ya ɗauka da kansa a wata folda dabam, sunayensu lambobi kawai, wanda bai sani ba zai ɗauka tarkace ne. Haka kuwa aka yi. Da na tambayi mijin Auta, ya ce ya ga wasu abubuwa masu lambobi, bai buɗe ba, ya zaci dattin na'ura ne.

Na faɗa masa maganganu, ban ɓoye maka ba. Na ce kamarsa, malamin makaranta guda, yana share allo bai karanta abin da ke kai ba. Ya sunkuyar da kai, Auta kuwa da ta gane abin da ke cikin katin ta fashe da kuka, ga jaririya a hannu, sai da gwaggonka ta kore ni daga ɗakin ta ce in je in yi haukata a shago. Na tafi. Ina zaune a kan benci na ga nawa laifin. Na riƙe abin nan ni kaɗai kamar ni kaɗai na yi rashi. Da na ce da wani ya juye mini shi a wuri biyu, da yanzu ba wannan zancen muke ba. Na yarda. Amma laifina bai wanke naka ba. Kayan mutum, ko tsumma ne, ana tambayarsa kafin a taɓa. Ka mayar da ni tsohon da ake yanke wa shawara a bayan idonsa, don dai ba ya jin yaren kwamfuta.

Abu ɗaya ya rage, shi ya sa nake wannan rubutu da gaggawa. Dogo ya ce abin da aka wanke a kati ba nan take yake fita ba, yana nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansa. Ya ce katin giga takwas ne, bidiyon jaririya kuma bai kai biyu ba, don haka wataƙila sun hau kan muryar, wataƙila sun sauka a gefe. Shi ba shi da kayan tono irin wannan, kuma ba ya so ya gwada ya ƙarasa ɓatawa. Ya ce a babban garin da ke kusa da ku akwai masu wannan sana'a. Da na ji haka na bar rediyon a teburinsa na nufi gidan direbanku da wannan gwiwar tawa. Na same shi yana ɗaure kaya a bayan mota, jibi zai tashi. Na ce ya ba ni ambulan da surukina ya ba shi. Ya ce amana ce, ba zai bayar ba. Na ce ni ne uban mai amanar da uban wanda za a kai wa, ya zaɓi wanda zai kai ƙarata. Ya yi dariya ya miƙo.

Ga katin nan na naɗe a takarda na manne da salatif a ƙasan wannan shafi. Ka ji ni da kyau. Kar ka saka shi a wayarka, kar ka saka shi a kwamfutarka, kar ka ce bari in ɗan leƙa jaririya. Na san kana ɗokin ganinta, ka yi haƙuri, ni ma haƙurin nake yi. Ka nemi izini wajen aiki, ka kai shi wajen masu tono da ƙafarka, ka tsaya a kansu. Ka ce musu muryar mace ce, minti goma sha ɗaya, akwai tari a farkonta. In sun samo, a juye a wuri uku, nawa kuma a sa shi a katin da bai wuce talatin da biyu ba. Ka rubuta lambar a tafin hannunka in za ka manta. Babban katin yana nan a aljihun teburina, in ka zo ka ɗauki abinka.

Jiya na zauna kusa da jikata na ce bari in faɗa mata saƙon da bakina, tunda ina tsaye aka yi shi. Na fara da kyau. Kakarta ta yi mata maraba, ta ce ta daɗe tana jiranta, ta ce kar ta ji tsoron tsohon mai ƙaton hannu, ba ya cizo. Daga nan na tsaya. Na san ta yi maganar Auta tana ƙarama, na san ta yi addu'a mai tsawo, amma kalmomin sun ƙi zuwa. Wannan ɗaya ban taɓa kunna shi ba tun ranar, na cika mata alkawari, ina ganin ai yana nan a ajiye. Yanzu abin da ke kaina bai fi minti biyu ba, sauran tara suna cikin abin nan da bai kai farcena girma ba, in ma suna nan. Ban taɓa barin katin nan ya kwana a wani gida ba sai wannan makon, ga shi da hannuna zan miƙa shi ya yi tafiyar kwana biyu a mota, zuwa wajen wanda ya jawo. Ba ni da wani sai kai. Ko an samu ko ba a samu ba, kai za ka kira ni ka faɗa mini da bakinka. Kar ka bi ta wajen Auta, kar ka aiko direba.

Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Auta tana gaisuwa, mijinta ma haka, jiya ya zo shago ya riƙe mini katako muka ƙarasa gadon. Kawunka mai facin taya da iyalinsa suna gaishe ka. Ka gai da maigidanka a wajen aiki da abokin ɗakinka. Allah ya yi maka albarka, ya shirya ka, ya sa ka riƙa tambaya.

Ni ne mahaifinka,
Kafinta