Na Canza Birkin Bayan Babur

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da amaryata 'yar jaririya, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya raya mana ita, ya ƙara miki ƙarfin jiki, barcin da take hana ki kuma ya zama lada. Mu nan lafiya lau. Gwiwar nan tawa tana nan da halinta, in na daɗe a zaune sai ta ƙi miƙewa, amma ina shan magani yadda kika jaddada. Gwaggonki ta leƙo ranar Lahadi, ta cika mini firji da abinci, ko zama ba ta yi ba ta wuce. Yayanki yana kira, sai dai kin san kiransa, kafin in gama tambayar yara ya ce ana jiransa a ofis.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kina katse ni, ni kuwa ina so ki ji maganar nan har ƙarshenta. Maganar babur ce. Na san kun haɗa baki da yayanki a kan a sayar da shi, don ya gaya mini har ya samo mai saye a wurin aikinsu. Ban amsa masa ba, ban kuma musa ba. Tun rasuwar mamanku babur ɗin yake lulluɓe da tamfol a gareji, in na shiga ɗauko wani abu sai in raɓa ta gefensa ban kalle shi ba. Makon jiya na ce wa kaina, ko sayarwar za a yi, ba zan miƙa wa ɗan mutane abin hawa mai nauyi haka da birki mai ƙara ba. Tun a doguwar tafiyarmu ta ƙarshe da ita birkin baya yake kukan ƙarfe in na taka.

Na je na sayo sabon takalmin birki. Mai shagon ya dubi furfurata ya ce zai turo mini makanike har gida, na ce masa hannun da ya kula da babur ɗin tun yana sabo bai mutu ba tukuna. Sai da na zo ɗora shi a kan ƙafar tsakiya na gane bakina ya fi ƙarfina, na yi ta fama ina nishi kafin ya hau. Na cire akwatin gefe na dama, wato na mamanku. A da sai na sa hannu biyu nake ɗaga shi, don har filo take cusawa a ciki, ranar kuwa da hannu ɗaya na ajiye shi. Na shimfiɗa tsohon kwali na zauna a ƙasa, na kwance notukan da suka riƙe gidan birkin, na zare fil ɗin, tsofaffin takalman suka faɗo tafin hannuna.

Auta, sun cinye sun zama kamar ɓawon albasa. Dariya ta kama ni ni kaɗai, domin rabin cinyewar nan aikin mamanku ne. Duk gangaren da muka zo sai ta dafa kafaɗata ta ce in rage, ko da kuwa tafiyar ba ta fi ta mai keke ba, ni kuma in taka na baya don a zauna lafiya. Na goge wurin da buroshi, na buɗe murfin man birki, na tura fistin da ke danna takalmin ya koma ciki a hankali ina lura kada man ya tumbatsa. Na shafa wa fil ɗin ɗan giris, na kiyaye kada ya taɓa fuskar takalmin, na jera sababbin, na ɗaure komai tam.

Saura gwaji, kuma a nan aikin ya tsaya mini. Kin tuna yadda muke yi: ni ina juya tayar baya, mamanku tana tsaye riƙe da kan babur, in na ce taka sai ta taka. Na juya tayar, har na buɗe baki zan ce taka. Tayar ta yi ta juyawa ita kaɗai har ta gaji ta tsaya. Ban san tsawon zaman da na yi a kan kwalin nan ba, ba abin da nake ji sai ƙarar firji daga kicin. Daga baya na wanke hannu na ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu direban bas, matarsa ta ce ya fita aiki sai yamma. Na dawo na durƙusa, na miƙa hannu ɗaya ina danna fedar har ta yi tauri, ɗayan yana juya taya. Ta kama cak. Aiki ya yi kyau, sai dai ba wanda zan gaya wa.

Da la'asar na fito da shi na zaga unguwa a hankali, ina taka birkin kaɗan-kaɗan don sabon takalmin ya zauna. A danjar da ke gaban kantin magani na tsaya, sai na ji kaina yana jiran wani abu. Duk tsayawar da na taɓa yi da ita a baya, sai hular kwanonta ta bugi tawa, ta kuma ce laifin tuƙina ne. Ba abin da ya buge ni. Danja ta ba da hannu, na baya suna ta hon, na gangara gefen titi na kashe inji har idona ya washe. Amma ki ji abin da ban zata ba: a hanyar dawowa, da iska ta shiga rigata, na ji yunwa ta gaske, irin wadda rabona da ita tun mamanku tana asibiti.

Na kira yayanki na ce ya ba abokin aikinsa haƙuri, babur ba na sayarwa ba ne. Ya ce zai gaya miki, na ce ya bari in gaya miki da kaina. Farkon wata mai zuwa, in Allah ya yarda, zan hau shi in taho wurinku. Na san da nisa. Ba zan yi gudu ba, ba zan yi tafiyar duhu ba, inda gwiwa ta ce in tsaya zan tsaya in kwana. Kuna ganin zaman gida ya fi mini lafiya, ni kuwa zaman ne yake cina.

Ki gaida maigidanki, ki ce ya share mini ɗan wuri a inuwa inda zan ajiye babur. Ki gaida surukarki, ki yi mata godiyar ɗawainiyar da take yi da ku. Gwaggonki da matar yayanki suna gaishe ki. Faɗan da na san za ki yi mini kuwa, kada ki ɓata shi a waya. Ki ajiye shi sai na iso, in ji shi ina zaune a ɗakinki. Na daɗe ba a yi mini faɗa a kusa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne,
Babanki